Izinin Rufi: In An Karɓi Kuɗin, Wa Zai Hau Tsani Ya Duba?

Matasa daga mazaɓu suna ta tambayata matsayinmu a kan sanarwar nan ta "izinin rufi" da majalisar ƙaramar hukumarmu ta fitar. Ga wanda bai gani ba, sanarwar cewa ta yi duk wanda zai ɗora kwano a kan gini, sabo ko tsoho, a cikin gari ko a ƙauye, sai ya fara zuwa sakatariya ya biya ya yanki takarda, in ba haka ba a tsayar da aiki a kwashe kayan kafinta. To ga matsayinmu a fili: ba mu yarda ba. Kuma kafin wani ya ɗauki hoton rubutun nan ya ruga wurin manya ya ce muna yi wa jam'iyya zagon ƙasa, ya sani ciyaman ɗin nan mu muka yi masa yawon kamfe, mu muka kwana a rumfunan zaɓe muna gadin ƙuri'arsa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Hujjar da 'yan amshin shata suka riƙe guda ɗaya ce, tun daga rediyo har Facebook: wai ko a Amurka ma mutum ba ya rufa gidansa sai da izinin hukuma, wai ci gaba ne muke gudu. Madalla. Tunda Amurka suka ɗauko, mu je Amurkan, amma mu shiga har ɗaka, kada mu tsaya a zaure.

Da farko dai, Amurka ba ta da wata dokar ginin gidaje guda ɗaya da gwamnatin tarayya ta ɗora wa kowa. Jihohi 50 ne, gundumomi sama da 3,000, kuma jiha ko gunduma ko birni ne ke zaɓar dokar da zai yi aiki da ita. Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta, International Code Council, da ke fitar da kundin ƙa'idojin ginin gidaje. Ta fara fitar da shi a 2000, tana sabunta shi duk bayan shekara uku, wanda ya ga dama ya ɗauka ya gyara ya mayar da shi doka. Wanda bai ga dama ba ya bari. A jihar Missouri akwai gundumomin karkara da yawa da ba su da dokar gini ko kaɗan, manomi ya sayi kwanonsa ya rufe ɗakinsa ba wanda zai ce masa uffan. Abin da aka fi sa wa ido a irin waɗannan wurare shi ne ramin bahaya, don kada ya gurɓata ruwan sha. A Texas kuwa, dokar da aka yi a 2009 ta ba gundumomi damar sa ƙa'idar gini a kan sababbin gidajen da ke wajen birane, amma ita dokar da kanta ta hana gunduma karɓar kuɗi a hannun mai gini da sunan tabbatar da ƙa'idar. Ku sake karanta wannan layin. A Florida, inda aka fi kowa tsanani, rumbu da ɗakin dabbobi da sauran gine-ginen gona da ba a kwana a ciki an cire su daga dokar. Su wa suka ce "ko a Amurka"? Sanarwarku ba ta bar ko rumfar awaki ba.

Amma bari in yi musu adalci, don akwai wuraren da izinin rufi yake da ƙarfi sosai, kuma yana da dalili. A watan Agustan 1992 guguwar Andrew ta faɗa wa kudancin Florida, gundumar Dade, ta ragargaza dubun-dubatar gidaje, garin Homestead ya koma kufai. Da ƙura ta lafa aka shiga bincike, sai aka tarar dokar gini tana nan a rubuce, ana ma yabonta, an kuma yanki takardun izini an biya. Inda aka samu ɓaraka wajen aiki ne da wajen dubawa. Allunan rufi da ya kamata a kafe da ƙusa an maƙala su da 'yar waya irin ta maƙala takarda, wasu ƙusoshin ma ba su sami katakon da ke ƙasa ba, a iska aka buga su. Masu duba aiki sun yi kaɗan, aiki ya yi musu yawa, ana sa hannu ba a hau rufi ba. Wannan abin kunya ne ya haifi dokar gini ta jihar baki ɗaya, wadda ta fara aiki a 2002.

Yau in ka biya kuɗin izinin rufi a can, ga abin da ka saya. Ma'aikacin gunduma zai zo ya duba aikin, ya ga irin ƙusar da tazarar da ke tsakaninsu. In gini sabo ne ya ga ƙarfen da ya ɗaure katakon rufi da bango. In aikin bai yi ba, ba za a sa hannu ba, mai kwangila ya warware ya sake. Shi kansa mai kwangilar sai yana da lasisi, kuma ana iya ƙwacewa. Kamfanin inshora yana rage wa mai gida kuɗi in rufinsa ya cika sharuɗɗan jure iska. Sannan babbar magana: dokar Florida ta ce kuɗin da aka tara na izinin gini ba a kashe shi sai a kan aikin tabbatar da dokar ginin. Ba a sayen motar ciyaman da shi, ba a biyan alawus na zama da shi.

Wato a can takardar alkawari ce tsakanin mai gida da hukuma. Ka biya, mu kuma mu tsaya maka a kan kafinta. Darasin Andrew shi ne takarda ba ta riƙe rufi, ƙusa da ɗauri ke riƙewa, sai kuma idon wanda ya san aiki. Mu an tsallake duk wannan an ɗauko rasit kaɗai.

Na karanta sanarwar tamu daga sama har ƙasa. Akwai kuɗin da za a biya, akwai ofishin da za a biya, akwai tarar wanda bai biya ba. Babu layi ɗaya da ya ce ga kaurin kwanon da aka yarda da shi. Babu inda aka ce ga girman katako, ga tazarar da za a bari, ga yadda za a ɗaure rufi da bango. Babu inda aka ce wane zai zo ya duba, a rana ta nawa, da wane abin hawa. Ƙauyukanmu na bakin iyaka in damina ta zauna ko babur sai an ɗauke shi a ka a tsallake rafi. Injiniya nawa ke sashen ayyuka? Magini mai rajista nawa? A fito a faɗa mana. Waɗanda muka gani an raba wa littafin rasit dai mun san su, yaranmu ne, tare muka yi yawon liƙa fosta, kuma wallahi a cikinsu akwai wanda in ka ajiye masa tubaitu da tubaifo ba zai bambance ba. Ba laifinsu ba ne, aikin yi suke nema. Laifin na wanda ya ba su littafi ya ce su je su "duba gini" ne.

Kuma abin da ke ƙona mini rai, matsalar rufi gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da iskar farkon damina ke yi daga Afrilu zuwa Yuni. Hadari ya haɗo da la'asar, kafin ɗigon ruwa ya sauka iska ta riga ta yi aikinta, gari ya waye kwanon wani yana gonar wani. Wani lokacin ba asarar dukiya kaɗai ba, kwano mai tashi a iska wuƙa ne, yana yanka mutum, katako ya faɗo wa yaro yana barci. Sai a jira hukumar agaji ta jiha ko NEMA su zo da 'yan bandir da buhunan siminti bayan wata da watanni, a ɗauki hoto, a raba wa wanda ya san wani. Badi a maimaita.

Me ke sa rufi ya tashi? Ba sai ka je jami'a ba, difloma gare ni, kuma duk tsohon kafinta zai gaya maka abin da zan faɗa. Iska in ta bi ta kan rufi tsotsarsa take yi sama, ba danna shi ƙasa ba. In ƙofa ko taga ta buɗe ta shiga ɗaki, sai ta ƙara turo shi daga ciki. Ta fi cin gefe da kusurwa, shi ya sa kullum daga baki ake fara ɓallewa. To rufi sarƙa ne: kwano ya kama ƙaramin katako, ƙaramin ya kama babba, babban ya kama bango. Inda aka yi sakaci a sarƙar nan, nan za ta tsinke. Sau da yawa za ka ga rufi ya tashi ɗungurungum da katakonsa, ya sauka can gefe kamar an cire hula. Wannan ba laifin kwano ba ne, ba a ɗaure katako da gini ba, an ɗora ne kawai an liƙe da ƙasa ko ɗan siminti. Maganinsa rodi ko langa-langa da aka binne tun ana gini, a ginin bulo a cikin linta, a ginin ƙasa a zura waya mai kauri ta ratsa bango can ƙasa da kai, a naɗo katako a ɗaure tamau. Tun ran gini tun ran zane. Wani kuma kwanon ne ke yagewa ya bar ƙusoshi a tsaye, don an rage ƙusa, ko an yi amfani da marar hula, ko an ware katako da nisa don a yi tsimi. Wani katakon ɗanye aka sa, ba baƙin mai ba maganin gara, shekara biyu ya zama gari. Wani an saki baki ya yi tsawo don inuwa, iska ta samu wurin kamawa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, rawani a kan bango yana kare bakin kwano. Duk wannan a takarda ɗaya zai shiga, da Hausa da ajami, da zane. Kuɗin buga littattafan rasit ɗin nan ya isa a buga ta a raba wa kowane kafinta.

Sai maganar kwanon kansa. Ku shiga kasuwa ku ɗaga falle ɗaya daga cikin irin bandir mai arha ɗin nan, ku lanƙwasa da yatsa biyu. Kamar gwangwanin madara. Ana rubuta kauri ɗaya a jiki, abin da ke ciki daban. Talaka ya tara kuɗi ya sayi falle 20 yana murna, bai san iska ya saya wa abinci ba. Akwai hukumar SON da doka ta ɗora wa kula da ingancin kaya, kuma tana da ma'aunin kwanon rufi. In ƙaramar hukuma da gaske take, kasuwa tata ce, ita ke ba da rumfa, ita ke karɓar kuɗin shago. Ta gayyato SON, a zo da abin awon kauri a bi shagunan dillalai ɗaya bayan ɗaya. Dillalan kwano a ƙaramar hukumar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, masu rufa ɗaki kuwa dubbai ne. Me ya sa aka bar 'yan kaɗan aka bi dubbai? Kun san amsar. Dillali yana da lambar wayar manya, manomi ba shi da ita.

Ta fuskar doka ma ina da tambaya. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, lasisin keke da amalanke, da ƙiyasta gidaje don harajin da majalisar dokokin jiha ta ƙayyade. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba. Kotun Ƙoli, a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya a 2003, ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ma sai jiha ta mayar da shi dokarta yake da haƙori. To a ƙarƙashin wace dokar jiha aka yanko wannan izini? In akwai, a kawo sashen a manna a allon sakatariya kowa ya karanta. Kansilolinmu su gaya mana ranar da aka zauna aka yi muhawara a kai, da wanda ya kawo ƙuduri, da wanda ya goya masa baya. Ni dai kansilan mazaɓata a WhatsApp ya gani, kamar ni.

Sannan a duba wa abin zai faɗa wa. Mai kuɗin da ke gina bene a hedikwata ko a jikinsa, kuɗin izinin bai kai na shan ruwan leburorinsa ba. Wanda zai ji a jika shi ne mutumin da ke rufi da kaɗan-kaɗan. Bana ya sayar da wake ya sayi bandir ɗaya ya jingine a bayan ɗaki, baɗi ya sayar da rago ya sayi katako, shekara ta uku ya kira kafinta. Saurayin da aka sa wa rana, iyayen yarinya sun ce sai ya rufe ɗaki. Matar da mijinta ya rasu, 'yan'uwa suka yi karo-karo don a cire mata jinka. Da wanda iska ta kwashe wa rufi jiya da dare, yau yana tsintar kwanonsa a gonaki, iyalinsa na rakuɓe a zauren maƙwabci. Shi ma sanarwar ba ta cire shi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kuma ba kuɗin takardar kaɗai ba ne, akwai kuɗin mota zuwa sakatariya da dawowa, a ce mai sa hannu bai zo ba, a dawo gobe, ranar aiki biyu ta tafi a daidai lokacin sharar gona.

Me kuke tsammani zai faru? Mutane za su koma rufin dare da rufin ranar Juma'a, a yi sauri a gama kafin masu rasit su ji ƙarar guduma. Aikin gaggawa kuwa shi ne ainihin aikin da iska ke so. Wanda aka kama ya ba da na goro a wuce. Kuɗin da aka cire aka biya izini, daga ina zai fito? Daga ƙusa zai fito, daga katako, daga rodin ɗauri, don aljihun ɗaya ne. Dokar da aka ce an yi don rufi ya tsaya ita za ta sa a rage masa ƙusa.

In kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Ku zaga makarantun firamare na ƙauyukanmu da ɗakunan shan magani ku ƙirga azuzuwan da ke buɗe sama, yara na karatu a gindin bishiya. Waɗannan ba manomi ya rufa su ba. Kwangila aka bayar, injiniya ya sa hannu cewa aiki ya yi, aka biya. Wasu ko damina biyu ba su gani ba. Gefensu kuma gidan wani tsoho da kafintan ƙauye ya rufa shekara ashirin yana nan daram. Wa ya kamata ya nemi izini a wurin wa? Ga shi tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ƙarfin da ake sawa wajen bin talaka da rasit, a sa shi wajen neman a cika wannan hukunci mana.

Wani zai ce to ku ba ku son doka ke nan, kowa ya yi yadda ya ga dama. A'a, Malam. Ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙa'idar gini ba ce. Sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautunmu tun kafin Bature, magina suna da shugabanni da ladabin sana'a. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 da ƙasa da azara. Magini na gargajiya ya san iyakar tsawon da azarar giginya za ta ɗauka, in ɗaki ya fi haka faɗi ya san sai an yi baka. Iyayenmu kuma suna ba da labarin duba-gari, wanda ake tsoro don yana shigowa gida da ƙafarsa ya leƙa randa. Ko da mutane ba sa ƙaunarsa, sun san yana zuwa ya duba. Wannan na yanzu karɓa kawai ya iya.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A janye sanarwar. A kira shugabannin kafintoci da magina na kowace gunduma, da hakimai da dagatai, da injiniyoyin sashen ayyuka, a zauna a fitar da ƙa'idar rufi mai sauƙi wadda ta dace da ginin ƙasa da na bulo. A koyar da kafintoci kyauta kafin damina, wanda ya halarta a ba shi shaida, mai gida ya san wanda zai kira. Gidan zama na talaka, da gyaran abin da iska ta ɓata, da rumbu da turke, babu ko sisi. Inda jama'a ke taruwa, makaranta, masallaci, asibiti, rumfunan kasuwa, gidan haya, bene, a nan a sa dubawa ta dole, a fara da gine-ginen hukuma, kuma mai dubawa ya zama wanda COREN ko CORBON ta yi wa rajista, sunansa a rubuce, in rufi ya tashi a san wanda za a tambaya. In an karɓi kuɗi a kan waɗannan, ya shiga asusun banki, a manna lissafi duk wata uku.

Ranka ya daɗe ciyaman, masu gaya maka cewa jama'a sun karɓi abin nan hannu biyu ba su za su shiga ƙauye neman ƙuri'a ba. Mu za mu shiga. Mu za a tare a ƙofar masallaci a zaro rasit daga aljihu a nuna mana, da tambarin hukumar da jam'iyyarmu ke riƙe da ita. 'Yan adawa ba sai sun buga fosta ba, mun buga musu da kanmu, mun kuma sa talaka ya biya kuɗin bugun.

Shugabannin matasa na mazaɓu, ga aiki. Duk wanda aka karɓi kuɗinsa, a ɗauki hoton rasit ɗin, a rufe sunansa, a turo. Wanda aka karɓa ba a ba shi rasit ba, a rubuta ƙauye da rana. A ɗauki hoton kowane aji da ɗakin magani da rufinsa ya tashi. Kada wanda ya zagi mai karɓa ko ya taɓa shi, ɗan'uwanmu ne, aiko shi aka yi. Kowa ya je wurin kansilansa da mutum biyar cikin ladabi ya tambaye shi ko da saninsa aka yi. Ranar zaman majalisa mai zuwa za mu kai takardar koke da hannunmu, kwafi ɗaya ga shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, ɗaya ga ɗan majalisarmu na jiha. Kafintoci uku sun riga sun ce za su biyo mu da guduma da ƙusa da guntun kwano, su nuna wa kansiloli a tsakar sakatariya yadda ake ɗaure rufi. Wanda ke da tsani ya taimaka ya zo da shi.